Kara Jingine

Litinin, 7 ga Maris 2011, bayan la'asar

Mun dawo da Malam gida Kibiya ɗazu. Inna ta share ɗakinsa ta shimfiɗa katifa a ƙasa, don gadon ya yi masa tsawo yanzu. Yaya Khalid da direba ne suka ciccibo shi daga mota. Ni na riƙo hularsa da ledar magani, na rasa inda zan sa idona. Mahaifina, wanda ko buta bai taɓa yarda a ɗaukar masa ba.

Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, hannun da ƙafar sai a hankali. Bakin kuwa, ya ce makonnin nan na farko su ne abin ji. A riƙa sa shi magana, a faɗa ya maimaita, don in aka bar harshen ya kwanta zai yi wuyar tashi. Na ce to. Na ce to da yawa a asibitin nan, ban san me nake amsawa ba.

Ba zan rubuta abin da ya faru a zaure ranar nan ba. Wanda ya gani ya gani.

Talata, 8 ga Maris, da yamma

Na koma aji. Maigidana Abdulganiyyu ya ce in zauna wajen iyayena muddin ana buƙatata, shi da yara za su ji da kansu. Allah ya saka masa, ko da yake na san irin girkin da za a ci a gidan nan. Saboda haka da safe ina shiga mota zuwa Rano in koyar da kwamfuta a cibiyar mata, da azahar in juyo.

Yau mun shiga layin sama na kibod, inda alamomi suke zaune a kan lambobi. Na rubuta su a allo da alli, na faɗi sunayensu na Turanci kamar yadda aka koya mini a Kano. Da na zo kan & na ce amfasan, sai Fanta ta ɗaga hannu. Fanta ita ce babbar ajin, daga Rurum take zuwa a kan babur, ta aurar da 'ya'ya har ta yi jikoki, kuma ba ta jin nauyin bakinta.

"Malama, wannan na zazzaɓi ne ko na ciwon baya?"

Aji ya tuntsire. Ni ma na yi dariya, sai na ji kunyar dariyar. Da muka zo kan # ta ce ai wannan ta san shi, gidan dara ne. Ramlatu, mai sayar da katin waya a gida, ta ce a'a, hash ne, kullum sai ta danna shi. Na ce duka biyun daidai ne, don ba ni da ƙarfin raba gardama.

Alhamis, 10 ga Maris, bayan magariba

Yaya Khalid ya ɗauki aikin likita da gaske. Ya durƙusa gaban Malam da kofi a hannu, ya sauya murya zuwa irin wadda ake yi wa ɗan yaye.

"Malam, ce ruwa. Ru-wa. Daure ka ce ruwa, sai in ba ka."

Malam ya dubi kofin, ya dube shi, ya rufe ido. Na ji kamar in warce kofin in sheƙa wa Yaya a ka. Amma bayan ya fita ni ma abin da na yi ke nan. Na ce, "Malam, wace ce ni? Ce Lubabatu." Ya juya fuskarsa bango da taimakon hannun da ke aiki. Na daɗe ina kallon ƙeyarsa.

Asabar, 12 ga Maris, da hantsi

Yau ma shiru.

Lahadi, 13 ga Maris, bayan azahar

Yaran unguwa da suke karatun allo a zaurenmu sun koma wajen wani malami a bayan kasuwa. Ba laifin kowa ba ne, karatu ba ya jira. Amma ban taɓa sanin zauren nan yana da faɗi haka ba. Wasu allunan suna nan jingine, masu su ba su zo ɗauka ba tukuna.

'Yan dubiya kuwa ba sa yankewa. Su shigo su zauna, su ɗaga murya kamar kunnen ne ya tafi, sannan su juyo su tambayi Inna, "Yana gane mutane kuwa?" A gabansa. Yana ji, wallahi yana ji, ina ganin yadda muƙamuƙinsa yake motsi. Wata tsohuwa ta ce haka aka yi wa mijinta kuma bai kai damina ba. Na raka ta har ƙofar gida don in tabbatar ta fita.

A waje motocin 'yan siyasa suna ta wucewa da lasifika. Kowa a garin nan yana da abin faɗa, har da na sayarwa.

Laraba, 16 ga Maris, bayan la'asar

Na taho da wani mataccen kibod daga cibiya don in shirya darasi a gida. Na zauna a tabarma bakin ƙofar Malam, inda iska take ɗan bi, na ɗora shi a cinya ina ta kallonsa.

Wasu alamomin suna da sunansu na Hausa tun muna firamare: aya, waƙafi, ruwa biyu, baka biyu, karan ɗori, alamar tambaya. Waɗannan ba sa ba matan wahala, sun san su kamar maƙwabta. Sauran ne baƙi. Andasko, astarisk, silash, tilda. Ni kaina ban san ko haka Turawan suke faɗa ba, daga bakin malaminmu na ɗauka, shi ma daga bakin wani. Ka ba mace suna irin wannan, ta riƙe shi daga aji zuwa bakin titi, kafin ta hau babur ya zube.

Sai na tuna yadda Malam ya koya mana babbaƙu. Ba ya cewa lam kawai. Lam jaye ne ko lam ara, nun guda ne ko nun ara, ha kuri, jim saɓe. Kowane harafi a faɗi danginsa, sannan a faɗi yadda ya zauna. Yaro ko bai san komai ba yana ganin wanda aka ja da wanda aka saɓa. Ya nuna da tsinke, ya faɗa, ka faɗa yadda ya faɗa, ba ƙari ba ragi. Har yau ban manta ko ɗaya ba, alhali sunan unguwar da na yi kwas a Kano sai na yi tunani.

Na ce to, me zai hana. Duk masu kama da sanda na sa su dangin kara. | kara tsaye. _ kara kwance. / da \ kara jingine. ~ kara lanƙwashe. & ƙulli. * tauraro, wannan dama haka wasu suke ce masa. ^ malfa. @ kuwa na ce a naɗe, don harafin a ne da aka naɗa wa rawani. Ina faɗa a fili ina dannawa, ban lura ba, sai da Inna ta zo wucewa da tsintsiya ta raɗa mini cewa idonsa yana kan hannuna tun ɗazu.

Juma'a, 18 ga Maris, da hantsi

Jiya ajin ya yi daɗi. Na nuna, na faɗa, suka amsa baki ɗaya da irin muryar makarantar allo, har mai gadi ya leƙo. Fanta ta ce yanzu ta ji magana, da can ashe zagin ta ake yi da Turanci. Ramlatu ta ce ita dai ranar jarrabawa ba Bahaushe ne ya rubuta takardar ba. Ta yi gaskiya. Na ce za mu riƙe duka biyun, na gida na gane fuska, na Turanci na shiga ofis.

Na dawo da zumuɗi zan ba Malam labari, don shi nake fara ba labarin aji tun da na fara koyarwa. A bakin ƙofa na tsaya. Yaya yana ciki da kofinsa.

Litinin, 21 ga Maris, bayan isha'i

Inna ce ta faɗi abin da duk muka kasa gani. Muna tsince shinkafa, ban tambaye ta komai ba, ta ce, "Mutumin da tun kafin a haife ku yake biya wa mutane karatu, yau ku zo ku ce ku za ku biya masa? Ai ko harshen yana nan ba zai ba ku ba."

Na ce, "Inna, likita ne ya ce."

Ta ce, "Likita bai zauna da shi ba."

Na yi ta juya maganar. Malam yana iya zama a tsakiyar yara masu yawa, kowa na ihun nasa karatun, shi yana hira da baƙo, amma yaro ɗaya ya karkace wasali a can lungu sai ka ji ya tsinke hirar ya gyara masa. Ba ya iya bari, ko yana cin abinci. Na ga kamar na sami dabara.

Talata, 22 ga Maris, bayan la'asar

Ban sami dabara ba.

Na ɗauko allo ɗaya daga zaure, na zauna kusa da shi kamar ina duba rubutun. Na sa yatsa a kan lam jaye, da gangan na ce lam ara. Na jira. Na sake faɗa da ƙarfi.

Ya dube ni. Ba zan iya kwatanta kallon ba, kuma ba na so. Shi ya koya mini harafin nan da bakinsa, ya san na san shi kamar sunana. Ya miƙa hannun hagu ya ture allon daga cinyata, a hankali, don akwai rubutu a jiki. Sannan ya juya bango.

Da daddare bai karɓi tuwo ba. Kunu ma bai karɓa ba.

Laraba, 23 ga Maris, da safe

Bai karya ba. Inna ba ta ce mini komai ba, kuma gara ta zage ni.

Alhamis, 24 ga Maris, da yamma

Ya sha fura kaɗan daga hannun Inna. In na shigo ya rufe ido.

Yaya ya mai da shi yaro, ni na mai da shi wawa. Tawa ta fi muni, kuma na sani. Raina a ɓace yake, ban san da wa ba. Har da shi, Allah ya yafe mini. Mutum yana kwance, ana neman hanyar da za a dawo masa da bakinsa, shi kuma girmansa yake gadi.

Lahadi, 27 ga Maris, bayan azahar

Na ji Yaya a soro yana waya da Kawu. Ban ji duka ba, na ji abin da ya ishe ni, wai Malam ba zai sake magana ba. Da ya shigo na ce masa ya maimaita a gabana. Ya ce, "Luba, kowa ya san abin da ake ciki, ke kaɗai kike yaudarar kanki." Na faɗa masa maganganu. Shi ma ya faɗa mini. Inna ta fito ta ce in ba mu ji kunyarta ba mu ji ta mai ɗakin can, ƙofarsa a buɗe take.

Ya daina zuwa da kofin. Na ɗauka zan ji daɗi.

Talata, 29 ga Maris, da hantsi

Shiru. Zafi ya tsananta, ga ƙuda. Na yi masa fifita yana barci, ko yana yi kamar yana barci.

Juma'a, 1 ga Afrilu, bayan magariba

An kai shi asibiti an duba. Likita ya tambaya ko ya fara furta wani abu. Na ce a'a. Ya rubuta wani abu a kati, kuma wannan karon bai ce a ci gaba da ƙoƙari ba.

Na fara manta yadda muryarsa take in yana magana ta yau da kullum. Ta karatu ina jin ta a kunnena. Amma yadda yake cewa a kawo masa goro, ko yadda yake tsokanar Inna a kan gishiri, ina nema ina rasawa. Wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Litinin, 4 ga Afrilu, bayan la'asar

Aji ya watse mini yau. Jarrabawar satifiket ta matso, kuma dole kowace ta iya rubuta adireshin intanet da kanta. A ciki akwai kara jingine, ga shi kuma su biyu ne, ɗaya ya kwanto nan ɗaya ya kwanto can. A Turance ɗaya na gaba ne ɗaya na baya, sai na bi haka: / jingine gaba, \ jingine baya. Na ce su danna jingine gaba. Da na zaga, rabin aji sun danna ɗayan. Na sake bayani, aka sake yi, rabin nan dai suka sake. Fanta na cikinsu. Na daka mata tsawa, matar da ta girmi Yaya Khalid nesa ba kusa ba. Na ce in ba za ta iya gane gabanta da bayanta ba me ya fito da ita daga Rurum.

Ba ta yi fushi ba, wannan ne ya kashe mini jiki. Ta ce, "Malama, ke kika ce gaba. Mu a allo muka yi karatu, daga dama muke tasowa mu nufi hagu. Gaba ai nan ne." Ta nuna hagu. "Wannan da na danna shi ne ya sunkuya gaba."

Na duba waɗanda suka yi irin nata. Duk 'yan allo ne, ba su yi boko ba ko sun yi kaɗan. 'Yan boko kuma gabansu dama ne. Kowa ya bi maganata daidai. Na ce to, a bar gaba da baya, a ce jingine dama da jingine hagu. Ramlatu ta ce kan ne a dama ko gindin? Aka koma gardama sabuwa. Man janareta ya ƙare muna ciki. Na ba Fanta haƙuri a bakin ƙofa, ta ce ba komai, ta ce yaya jikin Malam. Da kyar na kai tasha.

Talata, 5 ga Afrilu, da yamma

Na gwada gabas da yamma, amma teburan ba waje ɗaya suke kallo ba. Na gwada wasu sunayen, duk shirme. Ba ni da dabara, kuma na gaji.

Laraba, 6 ga Afrilu, bayan isha'i

Zan rubuta shi yadda ya faru, kada gobe in ƙara masa gishiri.

Na dawo da azahar a jiƙe da gumi, Inna ta tafi gidan rasuwa, Yaya ba ya nan. Ɗakin Malam ya fi ko'ina sanyi, sai na shiga na zube a ƙasa, na jefar da jaka da kibod a gefen katifa. Ban gaishe shi da muryar majinyata ba, na manta. Na dai hau mita kamar yadda na saba yi masa da. Na ce matan nan za su faɗi jarrabawa a kan kara guda, kuma laifina ne. Na ce 'yan allo gabansu hagu, 'yan boko gabansu dama, ni kuma ina tsakiya kamar jakin da aka ɗora wa kaya ɓari guda. Na ce wa ya aike ni raɗa wa abubuwa suna. Hawaye ma na yi, na takaici, ina share su da gefen mayafi.

Sai na ji kibod yana jan tabarma. Ya kamo wayarsa da hannun hagu yana jawowa. Na matsar masa, na tallafe shi ya jingina da bango. Ya daɗe yana dubawa. Na nuna masa su biyun, na ce ga su nan, su ne suka hana ni barci. Ya duba wannan, ya duba wancan. Ɗaya yana layin ƙasa kusa da aya, ɗaya yana can sama. Kullum ina danna su, ban taɓa kula da wannan ba, siffarsu kawai nake kallo.

Ya ɗora yatsa a kan /. Bakinsa ya yi ta motsi, gefe ɗaya yana aiki gefe ɗaya yana biye da kyar. Wani sauti ya fito, a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.

"…asa."

Ban yi tunani ba. Malam ya nuna da yatsa ya faɗa, kuma abin da aka yi mini tarbiyya a kai shi ne in faɗa yadda ya faɗa. Bakina ya riga ni. Na ce, "Kara jingine na asa."

Ya buga tabarma da tafin hannu. Na razana, na ɗauka zai juya bango. Bai juya ba. Ya haɗe rai irin haɗewar da na sani, ta malamin da ya ji an ɗauki karatu a karkace daga bakinsa. Ya ja numfashi ya sake gwadawa. Bai fito ba. Ya sake. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, yawu ya gangaro, na kai hannu zan goge ya kauce. Na zauna na naɗe ƙafa, na sa hannuwa a cinya, na yi shiru ina jira, don ɗalibi ba ya taya malami. Ban san tsawon lokacin ba. Inuwa dai ta matsa daga bakin ƙofa zuwa randa.

"Ƙasa."

Na ce, "Kara jingine na ƙasa."

Ya gyaɗa kai sau ɗaya, ba yabo ba komai, kamar yadda yake yi. Ya matsar da yatsa sama zuwa ɗayan. Wannan bai ba shi wahala sosai ba. Ya ce sama, na amsa. Ya dawo ƙasa, na amsa. Ya koma sama. Haka Inna ta dawo ta same mu. Ta tsaya a tsakar gida da takalmi ɗaya a ƙafa, ba ta shigo ba. Daga baya na ji ta a madafi tana fyace hanci.

Kalma biyu ne kawai. Bai kira sunana ba, bai ce komai bayansu ba, kuma ya gaji har barci ya ɗauke shi kafin magariba. Ban kira Yaya ba tukuna. Zan kira shi, amma ba yau ba.

Alhamis, 7 ga Afrilu, da sassafe

Inna ta tashe ni da yatsa a leɓe, ta ja ni zuwa jikin tagarsa. Yana ciki shi kaɗai yana yi, ƙasa ƙasa, yana tsayawa yana sakewa. Ba kalmomin jiya ba ne, wata ce sabuwa, ban gane ta ba tukuna. Inna ta ce tun da aka idar da asuba yake fama da ita.

Motar farko ta Rano za ta wuce ni. Na ɗauko kibod na zauna a bakin ƙofa, ina jira ya gama shiri ya kira ni.